Ferobskait, gishirin da ke ba da haske: tambayoyi da amsoshi

Akwai wata 'yar kwalba a aljihun teburina, girmanta bai wuce na kwalbar turaren ɗuri ba, an toshe bakinta an naɗe da salatif. Ruwan da ke ciki ba abin kallo ba ne, ɗan rawaya-rawaya ne kamar an tsoma ganyen shayi an cire. Amma in aka rufe tagogi, aka haska shi da tocilan ɗin nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba kuɗi da shi, sai kwalbar ta kama da wani irin kore wanda ko ganyen dogonyaro bayan ruwan farko bai kai shi ba. Wani abokin aikina da ya yi digiri na uku a waje ne ya haɗa ya ba ni. Tun ranar da na nuna wa ɗalibaina ita a aji, tambayoyi ba su yanke ba, daga ɗalibai, daga iyayensu, har da wani mai sayar da kayan sola a Kasuwar Gumi da labari ya kai masa. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, ga su nan.

Malam, wai mene ne wannan abin?

Gishiri ne, in dai da yaren masu kimiyyar sinadarai za a yi magana. Gishirin miya haɗin abu biyu ne, sodiyam da kulorin. Kulorin yana da 'yan'uwa, buromin da aidin (aidin ɗin nan da ake sa wa gishirin kanti don maganin maƙoƙo), kuma dangin nasu ana kiransu halojin, ma'ana masu haifar da gishiri. Duk gishirin da ƙarfe ya haɗa da ɗaya daga cikinsu sunansa halaid.

Wanda muke magana a kai haɗin abu uku ne. Akwai ƙarfe, yawanci dalma. Akwai halojin. Na uku kuma wani ɗan ƙaramin sinadari ne mai kabon, irin dangin sinadaran da ake samu a jikin mai rai da man fetur, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne metilamoniyam. Shi ya sa ake ce masa ruwa-biyu: rabinsa daga gidan duwatsu da ƙarafa, rabinsa daga gidan kabon.

Abin da ya fi sinadaran muhimmanci shi ne yadda suka zauna. Kowace ƙwayar dalma tana tsakiya, ƙwayoyin halojin shida sun kewaye ta, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, huɗu a gefuna. Waɗannan ƙulle-ƙullen suna riƙe da juna ta kusurwa, kamar ɗakunan gidan haya masu katanga ɗaya, sai ɗan sinadarin kabon ya zauna a tsakar gidan da suka bari. Wannan tsarin zaman shi ne ake kira ferobskait, da Turanci ana rubuta shi perovskite ga mai son ya bincika a intanet.

Daga ina sunan ya fito?

Daga Rasha. A 1839 wani masanin duwatsu Bajamushe, Gustav Rose, ya bayyana wani dutse da aka samo a tsaunukan Ural, ya raɗa masa sunan wani basaraken Rasha mai suna Lev Perovski. Dutsen nan babu dalma a cikinsa, kalsiyam ne da titaniyam da oksijin, kuma ba a yin fitila da shi. Tsarin zamansa kawai aka ara. Irin namu mai sinadarin kabon ba a haƙo shi a ƙasa, a ɗakin gwaji ake haɗa shi, kuma Dieter Weber ne ya fara bayyana shi a Jamus a 1978. Don haka duk wanda ya zo maka da dutse a leda daga daji ya ce ferobskait ne na yin fitila, ka saya, ka riƙe kuɗinka.

Ta yaya gishiri zai ba da haske?

Ka ɗauka a cikin kiristal ɗin, wato ƙwayar gishirin, akwai ƙasa akwai soro, babu matakala a tsakani. Elektiron, wato 'yar ƙwayar da ke ɗaukar lantarki, tana zaune a ƙasa. In ta sami ƙarfi, ko daga hasken tocila ko daga batir, sai ta yi tsalle ta hau soro. Ba ta iya zama a can, dole ta diro, kuma in ta diro sai ta amayar da ƙarfin da ta ci a matsayin haske. Tsayin soron shi ke yanke launin: in dogo ne a sami shuɗi, matsakaici kore, gajere ja.

Daɗin abin shi ne mai haɗawa ne ke zaɓar tsayin soron. In ya sa kulorin ya sami shuɗi mai karkata zuwa shunayya, buromin ya ba shi kore, aidin ya ba shi ja har ya zarce zuwa hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin. In ya gauraya biyu, launin ya faɗo tsakani. A 2015 ɗakin gwajin Maksym Kovalenko da ke Zurich a Suwizalan ya nuna ƙananan ƙwayoyi na wannan dangi, waɗanda aka sa ƙarfen siziyam a gurbin sinadarin kabon, suna ba da kowane launi daga nanomita 410 zuwa 700 a ma'aunin launin haske, kusan duk abin da idon ɗan'adam ke gani ke nan. Masu rini a Kofar Mata sai sun canja baba kafin su canja launi, a nan kuwa gishiri ɗaya ake ragewa a ƙara wani.

To ai muna da ƙwan LED. Me wannan ya fi shi da shi?

Wannan tambayar mai sola ce, kuma tambaya ce ta ɗan kasuwa. Ƙwan LED da ke shagonsa, da wanda ke cikin fitilar caji ta masu shayi a Kawo, cikinsa akwai wani ɗan guntun abu mai suna galiyam naitiraid da ke ba da shuɗin haske, an shafe shi da wani gari rawaya da ke mai da wani ɓangare na shuɗin ya koma rawaya. Idonka ya haɗa su ya ga fari. In ka fasa mataccen ƙwai za ka ga ɗige-ɗigen rawayan nan. Mutum uku 'yan asalin Japan da suka ƙirƙiro shuɗin LED, Akasaki da Amano da Nakamura, sun karɓi kyautar Nobel a 2014 saboda shi.

Sai dai galiyam naitiraid ba ya haɗuwa sai a zafin da ya kai kusan digiri 1,000, cikin injuna masu tsadar gaske, a ɗakin da ko ƙura ba ta shiga. Silikon na farantin sola ma haka, sai zafi ya haura digiri 1,400 yake narkewa, kuma ana tace shi har sai datti ya kusa zama babu. Ferobskait kuwa narkar da shi ake yi a ruwan sinadari kamar tawada, a ɗiga a kan gilashi, a juya gilashin da sauri ya baje, a ɗumama shi a wajen digiri 100, zafin tafasasshen ruwan shayi. Shi ke nan. Abin da aka daɗe ana mamaki a kai shi ne, duk da wannan haɗin na gaggawa da kurakuran da ke cikinsa, yana aiki. A silikon ɗan aibi kaɗan kan zama rami da elektiron ke faɗawa ta ɓace, a ferobskait yawancin ramukan ba su da zurfi, tana faɗawa ta fito. Abu ne mai haƙuri da aibi.

Na biyu, launinsa tsantsa ne. Korensa kore ne kawai, bai ɗebo rawaya ko shuɗi ba. Masu ƙera fuskar talabijin da ta waya wannan suke nema ido rufe.

Akwai wani abin da ke ba ɗalibai dariya. Sukari ya fi narkewa a ruwan zafi, kowa ya sani. Wannan mai buromin akasin haka yake a wasu ruwayen sinadari: in aka ɗumama ruwan zuwa wajen digiri 80, maimakon ya ƙara narkewa sai ya fara fitowa, cikin 'yan sa'o'i ka ga kiristal ruwan lemo mai kusurwa huɗu kamar dunƙulen magi yana girma a gindin kwalba. Masu bincike a jami'ar KAUST ta Saudiyya ne suka bayyana wannan dabarar a 2015.

An taɓa yin fitila da shi kuwa, ko a kwalba kawai yake haske?

An yi. Tun a shekarun 1990 masu bincike a Japan suka sa shi ya ba da haske da lantarki, amma sai an daskarar da shi da ruwan naitirojin, sanyin da ya kusa digiri 200 ƙasa da sifili. A wancan zamanin ne kuma David Mitzi ya yi ta aiki a kan wannan dangi a kamfanin IBM. Fitila mai haske sosai da ta kama a zafin ɗaki sai a 2014 ta fito, daga ɗakin gwajin Richard Friend a Jami'ar Kambirij ta Ingila. A cikin kowace elektiron 100 da aka tura mata, ko ɗaya ba ta cika fitowa a matsayin haske ba. Zuwa 2018 an haura 20 cikin 100. Shekara huɗu kacal.

Ta ɓangaren sola ma haka abin ya gudu. A 2009 Tsutomu Miyasaka a Yokohama ya sami kashi 3.8 cikin 100 na hasken rana ya koma lantarki. A 2012 aka kai wajen kashi 10, yanzu an wuce 26. Ba abin mamaki ba ne abu ɗaya ya yi aiki biyu, domin sola da fitila ƙofa ɗaya ce, wannan shiga wancan fita.

In haka ne, me ya hana shi shigowa kasuwa?

Nan ne gizo ke saƙar. Ba ya daɗewa.

Bari in ba da abin da na gani da idona. Wata ranar Juma'a cikin watan Agusta, abokin nan nawa ya shafa irin mai aidin a kan wasu 'yan gilasai guda shida. Suka fito baƙi wuluk, suna sheƙi kamar sabon takalmi. Ya jera su cikin tukunyar gilashin da ake ajiye abin da ba a so danshi ya taɓa, muka tafi masallaci. Ba mu lura ba ashe ƙwayoyin tsotse danshin da ke gindin tukunyar sun ƙoshi, sun tashi daga shuɗi sun koma ruwan hoda, ga shi ba wuta balle a gasa su. Ƙarshen makon nan kuwa ruwa aka kwana ana yi, irin na marka, wanda ko gishirin kicin sai ya jiƙe a mazubinsa. Ranar Litinin muka buɗe. Gefunan gilasan sun koma rawaya kamar an barbaɗa kurkur, biyu daga ciki sun rawaya gaba ɗaya. Ya ɗaga ɗaya ya kalla ta taga, ya ce, "Malam, ka ga albashina na wata guda." Rawayan nan dalma ce da aidin kawai suka rage, sinadarin kabon ya gudu.

Danshi ke nan. Zafi ma yana korar sinadarin kabon, kuma wanda ya taɓa ɗora hannu a kan kwanon rufi a Kaduna cikin watan Maris ya san abin da ake nufi da zafi. Iska da haske in sun haɗu su ma suna cinsa. Akwai kuma ciwon cikin gida: ƙwayoyin halojin ba su da zama, da an sa lantarki sai su fara ƙaura a cikin kiristal ɗin. In an gauraya buromin da aidin don a sami wani launi, haske kan sa su ware, kowa ya nemi ɗan'uwansa, launin ya sauya tun kana kallo. Laushin nan da ya sa yake haɗuwa cikin sauƙi, shi ne dai ya sa yake rushewa cikin sauƙi.

Ƙwan LED na kanti ana rubuta masa sa'o'i 15,000 ko fiye a kwali. Fitilar ferobskait mai shuɗi, wadda ita ta fi taurin kai, da yawa daga cikin waɗanda aka yi a ɗakunan gwaji mintuna ko 'yan sa'o'i suke yi haskensu ya ragu da rabi. Ja da kore sun fi ta juriya nesa ba kusa ba, amma fari ba ya samuwa a fuskar waya sai da shuɗi. Da sauran rina a kaba.

Na ji an ce akwai mai shimfiɗa biyu, akwai mai sifili. Me ke nan?

Ya danganta da girman sinadarin kabon da aka sa. In ƙarami ne, ya shige tsakar gida, gini ya haɗe ta ko'ina. In dogo ne ba zai shiga ba, sai ya raba ginin falle-falle, kamar a jera tabarmi ana sa bargo a tsakani, shi ne mai shimfiɗa biyun. Wani kuma ya mai da shi sarƙa kamar carbi. In aka sa mai ƙiba sosai, sai kowane ƙulli na ƙarfe da halojin ya zauna shi kaɗai kamar ƙwai a kiret, shi ne mai sifilin. Waɗannan na baya ba duka ne ferobskait na ainihi ba, shi ya sa masana ke kiran dangin gaba ɗaya da haɗin halaid na ƙarfe da sinadarin kabon.

A ganina nan ne abin ya fi armashi. Bargon kabon yana kare cikin daga danshi. Sannan a 2014 ɗakin gwajin Hemamala Karunadasa a Jami'ar Stanford ta Amurka ya nuna wasu masu falle-falle da ke ba da farin haske su kaɗai, ba sai an haɗa shuɗi da garin rawaya ba. Masu zaman kiret ɗin ƙwai kuwa, waɗanda Biwu Ma da mutanensa a Jami'ar Jihar Fulorida suka yi fice a kansu, wasunsu kusan duk hasken da suka sha suke mayarwa, kuma ana yin su ba tare da dalma ba.

Dalma fa? Ba ita ce ta kashe yara a Zamfara ba?

Ita ce. Wata uwa ce ta yi mini wannan tambayar a ranar taron iyaye, kuma na ce mata, "Hajiya, kin fi kowa tambaya mai ma'ana." A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi lafiya, kuma ƙwaƙwalwar yaro ta fi kowa cutuwa.

Masu kare ferobskait za su ce maka shafen siriri ne ƙwarai, ya fi gashin kai siranta sau fiye da 100, dalmar da ke cikin murabba'in mita ɗaya ba ta kai giram ɗaya ba, alhali batirin mota guda yana ɗauke da kilo da yawa. Gaskiya ne. Amma wannan dalmar mai narkewa ce a ruwa. A ƙasar da ake karɓar mataccen kaya a mayar masana'anta, da sauƙi. Mu nan mataccen ƙwan fitila bola yake zuwa, 'yan gwangwan su tsince shi, yara su fasa su yi wasa da cikinsa, ruwan sama ya wanke sauran zuwa kwata, kwata ta kai kogin Kaduna inda ake ban-ruwan alayyahu da latas. Kyan ɗan maciji ke nan. Kwalbata ma ba na barin ɗalibi ya buɗe ta.

Tun da maganar ta zo: kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido, gwaje-gwaje sun sha nuna yawancinsa dutsen dalma ne. Wannan ya fi ferobskait kusa da gidajenmu.

Ba za a iya sa wani ƙarfen a madadinta ba?

Ana gwadawa. Kuza, wadda aka yi shekaru ana haƙa a Jos, ita ce ta fi kama da dalma, sai dai da ta shaƙi iska take sauya hali ta lalace. Manganis yana ba da kore mai kyau in halojin huɗu suka kewaye shi, ja in shida ne. An gwada jan ƙarfe da antimoni da bismat. Don shafe mai walƙiya suna yi sosai, amma a fitilar da lantarki ke bi ta cikinta kai tsaye, har yanzu dalma ce a gaba.

Ban da fitila da sola, yana da wani amfani?

Hoton ƙashi. Hasken eksire ido ba ya ganinsa, kyamara ma ba ta gani, sai an sa wani allo da zai sha shi ya mayar da haske na yau da kullum. Ƙarfe mai nauyi kamar dalma gwani ne wajen tare eksire, shi ya sa ma'aikacin ɗakin hoto a asibiti ke sa rigar dalma. Ga abu mai dalma kuma mai walƙiya, ka ga faɗuwa ta zo daidai da zama. A 2018 masu bincike a Singafo suka nuna allon ferobskait da ke amsawa ko da eksire ɗin kaɗan ne, wanda ke nufin majinyaci zai sha ƙarancin haskawa. Allon asibiti a rufe yake, a ɗaki mai sanyi, kuma ba a jefa shi a bola kamar ƙwan fitila. In ana caca da ni, da a nan zan ce zai fara zama da gindinsa.

Wani ya tallata mini fitilar sola ya ce ta ferobskait ce. In saya?

Alhaji, in fitilar ta yi maka ka saya don haskenta, amma kada ka ƙara ko sisi don sunan. Fararen ƙwayayen fitilar LED da ke Kasuwar Gumi da Kasuwar Barci duk galiyam naitiraid ne, farantan sola kuma silikon. Farantin da aka ɗora ferobskait a kan silikon sai a 2024 kamfanin Oxford PV ya fara sayar da shi daga masana'antarsa ta Jamus, kuma ga manyan masu gonar sola, wasu kamfanonin Sin ma sun fara nasu. Talabijin da aka rubuta wa QLED ɗige-ɗigen wani sinadari dabam ne ke cikinsa, dangin waɗanda aka ba da kyautar Nobel ta 2023 a kansu.

Ni ɗalibi ne, ina son in yi aikin kammala digiri a kai. Zai yiwu a nan?

Zai yiwu, ƙanena, in ka san iyakar tabarmarka. Yin cikakkiyar fitila yana buƙatar akwatin gilashi mai safar hannu da aka cika da naitirojin, da injin feshin ƙarfe, da wutar da ba ta ɗaukewa. Waɗannan sai manyan cibiyoyi, irin su Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja inda aka yi aiki a kan ferobskait. Amma akwai manhajar SCAPS ta Jami'ar Ghent da ke Beljiyam, kyauta ake ba masu bincike, kana kwaikwayon farantin sola da ita a kwamfutarka, kuma malaman fiziks da dama a Arewa sun wallafa aiki da ita.

In kuma hannunka ne ke ƙaiƙayi, ka bar dalma, ka nemi gishirin manganis da buromin da sinadarin kabon mai ƙiba. Ruwayen narkarwa irin su DMF suna taɓa hanta, kada ka buɗe su sai a ƙarƙashin injin zuƙe tururi, da safar hannu, malaminka yana kusa. Ka haɗa samfurinka a watan Janairu lokacin da hunturu ya busar da iska har leɓe na tsagewa, ka ajiye rabi a rufe rabi a buɗe. Ka sayi ɗan agogon auna danshi da tocilan ɗin 'yan canji, ka riƙa ɗaukar hoto da waya ɗaya, a nisa ɗaya, kowace Litinin, har ruwan Agusta ya sauka.